Shekarar da Dattijo Ya Hau Kwantena

Na ji labarin da kuke bai wa surukaina da jikokina, wai mahaifinku ya yi kiɗa a ƙasar Larabawa, daga baya Allah ya shirye shi ya tuba. Ranar sunan ɗan 'yar'uwarku Bilkisu da kunnena na ji ɗan'uwanku Nura yana gaya wa wani malami haka. Malamin ya juyo ya kama hannuna da hannu biyu yana yi mini barka, idonsa har da ƙwalla. Na karɓi barkar, don ban saba mayar da kyauta ba. Amma tun da likita ya hana ni gishiri da nama da yawo, abin da ya rage mini mai ɗanɗano shi ne gaskiya, to ga ta: ban tuba ba. Akwai abubuwan da na tuba a kansu, suna nan tsakanina da Ubangijina, kiɗa ba ya cikinsu. Abin da ya raba ni da sana'ata kwantena ce, da alherin mutum ɗaya. Ku yi haƙuri da rubutun, wanda ya tsaya a aji biyar ne yake yi. Inda kuka ga waƙafi ya ɓace, ku da aka kai jami'a sai ku sa.

Wannan fasasshen katakon da ke jingine a sito, wanda yaranku ke ce wa kwale-kwalen Kaka, ba kwale-kwale ba ne. Sunansa bes. Ku ɗauka goge ne ya ci ya ƙoshi har ya fi mai shi tsawo: tsirkiya huɗu, ciki kamar na rumbu, da tsaga biyu a gaba inda murya ke fita. A tsaye ake kaɗa shi, a rungume, da yatsu. Ni Dattijo nake ce masa, saboda ba ya ɗaga murya, ba ya gaggawa, kuma in ya yi shiru sai kowa ya rikice. Da shi na ci abinci a Dubai shekaru masu yawa, ina jagorantar ƙungiyar masu kiɗan jaz, irin na Amurka, a wani otal da ke bakin ruwa. Mu huɗu ne. Akwai mai ganga ɗan zangon Kumasi, da wata 'yar Filifin mai busa, da Isuhu mai fiyano, mutumin Damagaram, wanda ya yi karatun kiɗa da Faransanci har yana iya duban takarda ya ji sauti. Ni ban san ƙwayar rubutun kiɗa ko ɗaya ba, amma ni nake ƙirƙiro waƙoƙin, ni nake ba da umarni da gira. In na ɗaga ta hagu, mai busa ta shigo. In na ɗaga ta dama, mai ganga ya rage hauka. In na ɗaga duka biyun, manaja ne yake zuwa.

A jaz aikin mai bes shi ne tafiya. Haka ma ake kiransa. Kai ne kake taka ƙasa a hankali, sauran su yi ta tsalle-tsallensu a kanka. Wata rana ina hanyar komawa ɗakinmu na unguwar Satwa, ina wuce shagunan teloli, sai na tuna yadda mahaifiyarku take ratsa tsakar gida da faranti a hannu, tana ɗan jan ƙafar hagu kamar mai tunanin ko ta koma ta duba tukunya. Kafin in kai ƙofa waƙa ta haɗu a kaina. Na sa mata suna Tafiyar Rabi. Ita ce waƙar da aka fi roƙonmu. Turawa da Larabawa da Indiyawa sun ci kifi sun sha shayi a kan tafiyar uwarku, ba su sani ba, ita ma ba ta sani ba. Sai na ce bari in burge ta. Isuhu ya ɗauka da waya muka aika mata, washegari na kira ina gyara murya.

"Malam, na saurara," ta ce. "Na ji mai ganga, na ji mai busa, na ji wannan ƙwal-ƙwal ɗin na Isuhu. Kai kana ina?"

"Ina ƙasa."

"Ƙasan me?"

"Ƙasan kowa. Ni nake ɗauke da su."

"To, Allah ya ba da lada. Ka dai tabbata ba jaka kake riƙe musu ba, kake ce mana shugaba?"

Ba laifinta ba ne. Muryar Dattijo ba ta shiga waya. Ƙaramar sifika ba ta iya ɗaukar ta, sai ta zubar da ita a hanya. Murya ce da ake ji a ƙirji da tafin ƙafa kafin kunne ya samu labari. Duk lokacin da na zo hutu da jaka nake zuwa, Dattijo yana can, don ba abin da ake saɓawa a kafaɗa a hau jirgi ba ne. Ke nan matar da na aura tun ina da gashi ba ta taɓa jin abin da nake yi ba, ko sau ɗaya. Daga ranar na ƙulla a raina: duk randa zan bar Dubai, Dattijo zai bi ni har tsakar gidanmu, in zaunar da Rabi a kan tabarma, in kaɗa mata tafiyarta da hannuna. Wannan shi ne duk burina na tsufa. Wasu gidan bene suke so.

Ranar barin ta zo ba tare da na kira ta ba. Otal ya canza manaja, sabon ya gano cewa saurayi ɗaya da kwamfuta ya fi tsofaffi huɗu sauƙin ciyarwa. Ya yi mana magana mai daɗi, ya ce mu ƙarasa 'yan watannin da suka rage a yarjejeniya. Bizata a hannun otal take, shekaruna kuma sun wuce na yawon neman sabon uban gida. Ban yi baƙin ciki sosai ba. Yatsuna sun fara yi mini gardama da safe, na kuma ce ai ga lokacin Rabi ya yi. Isuhu ne ya ɗauki maganar Dattijo a kansa. Ya samo wani akwati mai tauri da ake sa irinsa a jirgin sama, ya zaunar da ni ya yi mini huɗuba.

"Patron, ina hwaɗa maka, itacen nan rai gare shi. Ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa, manne shi aka yi, kuma zafi yana narka mannin. A cikinsa akwai ɗan ginshiƙi tsaye, shi ke riƙe gaba da baya. In ya faɗi, shi ke nan. Jirgin sama, ka ji? Teku, jamais, har abada."

Na ce na ji, kuma da gaske na ji.

Yanzu sai ku san Alhaji Sabo, don shi kuke jin sunansa a bakina kuna ganin ina yin shiru. Mutumin Fagge ne, mai harkar kago, wato aika kaya gida, yana da sito a unguwar Al Ƙusais. Shi ya tsince ni a shekarata ta farko, lokacin da ban san inda ake sayen garin tuwo ba, ya samo mini gado a ɗakin Satwa. Duk Juma'a bayan masallaci, 'yan kasuwar Kano suna taruwa a sitonsa a ci tuwo da miyar kuka a kan kwalaye. Ranar da na fara zuwa, wani mai sayar da atamfa ya janye hannunsa daga tire, ya ce shi bai saba haɗa kwano da makaɗi ba. Sabo bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Ga shagon shawarma can tsallaken titi, habibi, yalla, kama hanya." Mutumin ya mayar da hannunsa. Tun daga nan ba wanda ya sake taɓa ni. Irin wannan mutum ne. Sai dai yana da aƙida ɗaya da ya riƙe kamar rukunin addini: ba a aika iska Kano. A kwantena wuri ake saya, don haka duk abin da yake da ciki sai an cika shi. Firji a cika shi da takalma, takalman a cika su da agoguna, tukunya a cika ta da gyale, buta a cika ta da 'yan kunne. Na taɓa ganin ya tsayar da lodi saboda wani ya kawo fulas ɗin shayi babu komai a ciki. Ya riƙe fulas ɗin yana kallon mai shi kamar ya kama shi da sata. Mu duka mun san wannan hali, muna yi masa dariya a kai, shi ma yana taya mu.

A wajen tuwon ne wani ya yi suɓul da baka ya ce ai Garba, wato ni, zai sa gogensa a jirgin sama. Sabo ya ajiye lomarsa.

"Jirgin sama? Ina raye?"

"Alhaji, abin ne ba ya son zafi..."

"Na kai gilashi Kano bai fashe ba. Na kai injin ƙanƙara. Na kai wa wani gwamna fitilar falo mai lu'ulu'u, ko ɗaya bai zube ba." Ya juya ga jama'a. "Ku ji fa. Shekara da shekaru muna cin tuwo ɗaya, yau kayansa sun fi ƙarfin kwantenata."

"Ba haka ba ne, Alhaji."

"To halas, magana ta ƙare. Dattijo baƙona ne. Ni zan kai shi har ƙofar gidanka, kuma in ka yi mini maganar biya mun ɓata."

Mutum goma sha wani abu suna kallona da miya a hannu. Ku 'yan zamani za ku ce me ya hana in ce a'a. Ku da kuke iya ce wa kawunku ba ku da lokaci, ba za ku gane ba. In na ƙi, na faɗa a gaban abokan cinikinsa cewa ban yarda da aikinsa ba, a cikin sitonsa, ina cin tuwonsa. Na san abin da Isuhu ya gaya mini, kalma bayan kalma yana kunnena. Na auna, na ga a gefe ɗaya katako ne, a ɗaya gefen fuskar mutum. Na ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji." Da na gaya wa Isuhu, bai yi faɗa ba. Ya rufe fiyano a hankali, ya ce, "Bon. Ku Kanawa," ya fita shan iska.

Kuma wallahi Sabo ya yi ƙoƙari, wannan ku rubuta ku ajiye. Ya sa kafinta ya ƙera akwatin katako daidai tsawon Dattijo, ya shimfiɗa katifa a ciki, ya ware masa kusurwa, ya rantse ko kwalin audugar kunne ba za a ɗora a kai ba. Ranar da na kai shi, na sassauta tsirkiyoyin, na shafa wuyansa, na yi masa addu'ar matafiyi. Sabo yana tsaye yana kallo, sai ya miƙa yatsa ya ƙwanƙwasa cikin. Ya karkata kai ya sake ƙwanƙwasawa. Ya leƙa ta tsagar.

"Garba, ashe babu komai a ciki?"

"Babu, Alhaji. Iska ce kawai."

"Duk girman nan?"

"Duk girman nan."

"Allah sarki," ya ce, kamar wanda aka bai wa labarin maraya.

Na yi dariya. Na hau jirgin ƙasa na koma Satwa ina ta dariya ni kaɗai, na ma ba 'yan ɗakinmu labari su ma suka yi. Ni, mutumin da ya san Sabo shekara da shekaru, wanda ya ga abin da ya faru da fulas ɗin shayi. In akwai wurin da nake komawa a raina in tsaya, to nan ne, bakin siton nan, da rana tsaka, ina dariya.

Kwantena ta bar tashar jiragen ruwa ta Jabal Ali, ni kuma na ƙarasa watannina da aron bes na lantarki, wani siririn abu mai kama da allon wanki. Saura kaɗan in taho, Sabo ya kira ni da la'asar, ya ce in zo sito maza, kaya sun isa gida, ya sa yaransa na Kano sun sauke akwatin a tsakar gidanmu, yana so a buɗe yana gani. Na iske shi da sabuwar hula, ya jingina waya a jikin kwali da kiran bidiyo a buɗe, ya tara mutane. Ga Rabi a cikin wayar da mayafi, ga Nura da guduma yana ɓamɓare ƙusoshi. Nura, kai ka san wannan ɓangaren, amma ba ka ga abin da ke bayan wayar ba.

"Malam, wani irin ƙamshi!" in ji Rabi, tun ba a gama ɗaga murfin ba. "Kai, duk gidan ya ɗauka."

Sabo ya zungure ni da gwiwar hannu, bakinsa har kunne.

"Tsarabar Hajiya ce. Ban gaya maka ba, don kar ka hana. Turaren oud, 'yan ƙananan kwalaben nan masu kamar yatsa, da carbi na rabo. Ɗaya bayan ɗaya na zura su ta tsagar da hannuna, ban bar wa yara ba. Sai da ya cika taf. Hajiya, a yi haƙuri, ba yawa!"

Nura ya kama wuyan Dattijo zai tayar da shi tsaye, ya ce, "Baba, nauyi gare shi haka?" Kafin in buɗe baki, bayan ya rabu da gaban. Ba ƙara ya yi ba, buɗewa kawai ya yi, kamar ƙwarya da ta jiƙa. Kwalabe suka zubo a siminti, wasu a fashe, wasu suna gangarawa har bakin rijiya, carbi kala-kala ya biyo su a dunƙule yana ɗigar mai. Makonni a teku, cikin ƙarfe mai zafin tanda, nauyin nan yana kai da kawo duk lokacin da jirgi ya karkata. Ɗan ginshiƙin da Isuhu ya faɗa ya karye, gaban ya tsage tun daga tsaga har ƙasa, katakon ya sha mai ya yi baƙi.

Mutanen siton suka juyo suna kallon Sabo. Murmushin Sabo bai tafi lokaci ɗaya ba, a hankali ya sauka, yana duban wayar yana dubana. Sannan ya cire sabuwar hularsa ya riƙe a hannu.

"Garba," ya ce, "iskar... tana da amfani ne?"

"Ita ce kiɗan, Alhaji."

Ya zauna a kan kwali. Ban taɓa ganin babban mutum ya ƙanƙance haka ba. Ni da aka fasa wa kaya, ni na koma ina dafa kafaɗarsa ina cewa ba komai, ƙaddara ce, ai ana gyarawa. Daga cikin waya muryar Rabi ta fito, a natse, kamar ba ita ce ke tsaye a cikin fasassun kwalabe ba: "Alhaji, mun ga tsaraba, an gode, Allah ya ƙara buɗi." Ta kashe.

Ana gobe zan taho ya zo Satwa da kansa, ɗauke da wata jita ja mai walƙiya, tsirkiya shida, irin ta samari. Ya ce mai shagon ya tabbatar masa wannan ta fi waccan zamani, kuma ya duba, babu rami a cikinta ko kaɗan. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Ita ce wadda Auta ya yi ta wasa da ita har ya tsinke ta.

Ba a gyara ba. Na kai wa kafintoci uku, na ukun ya ce a bar shi da shi, ya buga masa ƙusa. Katakon da ya sha mai ba ya karɓar manni, ko wa ya taɓa. Carbin kuwa, Rabi ta wanke shi da omo ta shanya, ta raba wa unguwa gida-gida, don ba ta san abin da za ta yi da tulin carbi ba. To ku haɗa da kanku: mutum ya dawo daga ƙasar Larabawa, kayan kiɗansa a fashe, matarsa tana rabon carbi. Kafin in sauka daga jirgi an gama yi mini tuba. Na so in gyara zancen, Rabi ta ce, "Bar su. Gara su ce ka tuba da su ce an cika maka goge da turare." Na bar su, saboda ita. Yanzu ba ta nan, Allah ya jiƙanta, Sabo ma ya riga mu, babu sauran wanda zan kare sai ni, ni kuwa na gaji da barka. Turaren da ya tsira kuma, shi kuka shafa kowace Sallah har ya ƙare. Kuna ta yabon ƙamshinsa.

Na yi tunanin sayen wani. Amma kafin in gama tunani yatsun suka yanke nasu hukuncin, suka ƙage. Ke nan Rabi ba ta taɓa jin Dattijo ba. Ga abin da ta ji. Wata safiya bayan dawowata, ta same ni zaune a bakin sito ina kallonsa, ta ajiye mini koko, ta tsaya.

"Wai ita waƙar tawa, ba a yin ta da baki?"

"Ba za ta yi daɗi ba."

"Ni na ce maka daɗi nake nema? Yi."

Na ce to ta sa tafin hannunta a bayana, tsakanin kafaɗu, don a nan ake ji. Ta ce tsufa ya zo mini da iskanci, amma ta sa. Na rufe baki na saukar da murya can ƙasa iyakar inda take kaiwa, na taka mata ita daga farko har ƙarshe, har da wurin da ake ɗan jan ƙafa. Hannunta bai motsa ba. Sai da na gama ta janye shi.

"Wannan gurnanin ne ya riƙe ka a Dubai duk shekarun nan?"

"Shi ne."

"Ni ba haka nake tafiya ba."

Ta ɗauki farantinta ta nufi madafa, ina kallonta, ƙafar hagu tana zuwa a makare daidai inda na sa ta. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Sake yi," ta ce. "Ban gama ji ba."

Na sake. Amma daga can inda take tsaye, hannunta ba ya bayana, na san ba abin da ya kai mata sai muryar tsoho.